Ranar Uwa a Mai Wurno

Sai da Mama ta shekara biyu da rasuwa sannan na samu ikon cika alkawarin da na ɗaukar mata, na in je in ga ƙanwarta da aure ya kai Sudan tun ban yi wayo ba. A watan Maris na 2023 na tashi daga Kano na sauka Khartum, na kwana ɗaya, da asuba na shiga babbar mota muka miƙa kudu. Muka ratsa gonakin Jazira, muka ɗan tsaya shan shayi a Wad Madani, daga nan sai Sinnar, inda madatsar nan da aka kammala a 1925 ta tare ruwan Nilu. Mai Wurno na gaba kaɗan. Garin ya ci sunan Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, wanda ya ja ragowar masu hijira zuwa gabas bayan an kashe mahaifinsa a Burmi a 1903. Tun ina makaranta nake jin labarin, amma sai da wani tsoho a bakin tasha ya ce mini "sannu da hanya, ɗiyata" sannan tsigar jikina ta tashi.

Na tarar da Inna a tsakar gida, gaban wuta. Ba ta iya tasowa ba, don tana kan aikin da suke kira awasa, wato tuyar hilu-mur, abin shan da gidajen Sudan ba sa buɗe baki sai da shi. Azumi saura kwana huɗu. Tsiron dawa ake busarwa a niƙa, a dama, a zuba citta da kirfa da tsamiya da zoɓo, a bari ya yi tsami, sannan a riƙa shimfiɗa shi siriri a kan faffaɗan ƙarfe mai zafi. Da ɗan tsinken kaba take baza ƙullin, sau biyu hannunta ke zagayawa ya cika ƙarfen, ta ɓamɓare ta ninke kamar tsumma. Ni kuwa hannun kawai nake kallo. Hannun Mama ne sak, har da yadda take karkata ɗan yatsa. Ta ɗago da idanu jawur saboda hayaƙi ta ce, "Zo nan in gan ki." Ban iya ko gaishe ta ba sai kuka.

Daren Litinin ƙaramar 'yarta ta ja ni gefe ta raɗa mini, "Yaya, gobe fa Idil Umm, me kika tanadar wa Yumma?" Ranar Uwa take nufi, Yumma kuwa Inna ce. Ban san da zancen ba. A gida abin da na sani shi ne matasa su saka hoton uwa a Facebook, kowa da ranarsa, kuma ban taɓa ɗaukarsa namu ba. A nan ranar 21 ga Maris ce, kamar yawancin ƙasashen Larabawa. Daga Masar ta faro a 1956, ɗan jarida Mustafa Amin ne ya tallata ta har ta karɓu.

Mijin Inna bai goyi baya ba, kuma bai ɓoye ba. Ya ce Musulmi idi biyu gare shi, uwa kuma ba ta da rana ɗaya, tun da sau uku Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ambaci uwa kafin ya ambaci uba. Na ce, "Baba, gaskiya ne." Har yanzu ma ina ganin gaskiyarsa. Sai dai ni ina da shekara biyu da ban saya wa kowace uwa ko zare ba, kuma wannan nauyin ni kaɗai na san yadda yake a ƙirjina. Da safe muka hau mota zuwa kasuwar Sinnar, na zaɓi lafaya, wadda su suke kira tob, ruwan ƙasa mai ɗan ratsi a baki, irin launin da Mama ke so. 'Yar Inna ta sayi lalle da turaren wuta, yayanta ya ce agashe a wuyansa, wato tsirenmu da Hausawa suka kai can har sunan ya zauna.

Ba wani taro aka yi ba. Bayan La'asar muka hana Inna zama gaban wuta, muka karɓi aikin, muka ƙona kusan rabin abin da muka shimfiɗa tana ta yi mana faɗa daga kan gado. Aka soya gahawa aka daka, aka kawo a jabana, wato butar gahawarsu, jikoki suka zo ɗaya bayan ɗaya suna sumbatar kanta. Da na durƙusa na ajiye lafayar a cinyarta, ta daɗe tana shafa ta ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Yayata ce ta goye ni, ke kuma kin tufatar da ni. Allah ya yi miki albarka, ya jiƙan ta." Baba yana bakin ƙofa da carbinsa, shi ya fara cewa amin, kuma ya zauna ya sha gahawar tare da mu.

Ran Alhamis muka tashi da azumi. Na yi bakwai a wurinsu na juyo gida, Inna ta cika mini leda da hilu-mur, ta ce in jiƙa in tace in ba yara. Ranar 15 ga Afrilu, muna cikin azumin, yaƙi ya ɓarke a Khartum, filin jirgin da na bi ya rufe. Tun daga nan sai saƙon murya, shi ma in an dace da intanet. A wanda ta turo mini na ƙarshe ta ce lafayar na ƙasan akwati, ba ta saka ba, tana jira in koma.