Shagon telan layinmu ya zama wajen POS

Jiya na bi ta tsohon layinmu a Yakasai, cikin birnin Kano, sai na tarar shagon telan unguwa ya koma wajen POS da cajin waya. Yaron da ke ciki ya ce Baba ya sayar da kekunansa tun bara, haya da man janareta sun fi ƙarfinsa.

Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Bakin shagon nan ne majalisarmu bayan La'asar. Nan ake jin matar wa ta haihu, wa ke kwance a asibiti, nan ake haɗa gudummawar biki. Mai tiredar da ke ba iyayenmu sukari da sabulu bashi har ƙarshen wata, shi ma ya rufe.

Yaron ba shi da laifi, abincinsa yake nema. Amma ku leƙa marinar Ƙofar Mata, wadda take tun 1498, ku ga ramuka nawa ake rini a ciki yanzu. Atamfar China ta cika Kantin Kwari, masaƙun Bompai da Sharada da yawa sun yi shiru. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuwa, ƙaramin mai shago sai ya sayar da kaya, ya koma sari, kuɗin su kasa.