Yadda ɗana ya yarda ya buɗe wa likitar haƙori baki

Ɗana yana da shekara 6 lokacin da na lura ya daina tauna da ɓangaren dama, yana kuma yawan dukan muƙamuƙinsa da tafin hannu. Yana da lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, kuma ba shi da yawan magana, shi ya sa bai taɓa ce mini haƙori yana masa ciwo ba. Na kai shi asibiti ba tare da wani shiri ba. Bayan mun daɗe a ɗakin jira, sai aka ɗora shi a kujerar da ta kwanta da shi ta baya ba zato, aka haska masa fitila mai ƙarfi a fuska, na'urar zuƙe yawu kuma ta fara ƙara. Ya toshe kunnuwa yana kururuwa, ni kuwa na danne masa hannuwa don a zatona taurin kai ne. A ƙarshe sai da aka sa shi barci a ɗakin tiyata kafin a gyara haƙorin, ya kuma yi makonni ba ya barin buroshi ya kusanci bakinsa.

Wata likita ce ta fahimtar da ni cewa hasken da ƙarar da taɓawar da muke ɗauka ba komai ba, a wurinsa azaba ce. Ta ce mini, “Baban yaro, ku riƙa kawo shi tun babu abin da ke damunsa.”

Haka muka yi. A zuwanmu na farko ba a taɓa shi ba, ya ga ɗakin ne kawai, na ɗauki hotunan ƙofa da kujera da likitar, muka riƙa kallonsu a jere kowane dare. A gida nakan sa safar hannu in ƙirga masa haƙora da ƙaramin madubi, ina tsayawa daidai kan goma kamar yadda na yi alkawari, domin na gane cewa sanin lokacin da abu zai ƙare ya fi duk wani rarrashi kwantar masa da hankali. Mun nemi a riƙa ganinmu da farkon safiya don mu kauce wa jira, aka kwantar da kujerar tun kafin ya hau, ya sa baƙin tabarau da abin toshe kunne. Ita kuma likitar ba ta sa masa komai a baki sai ta faɗa masa a gajeriyar jimla, ta gwada a farcensa, sannan ta yi.

Sai a zuwa na huɗu ya buɗe baki da kansa. Ranar na san cewa turamen haƙora na dindindin na farko suna fitowa ne wajen shekara 6, a bayan haƙoran yarinta 20, ba tare da wani ya faɗi ba, shi ya sa iyaye da yawa ba sa kula da su. An lulluɓe nasa da abin kariya daga ruɓewa, ɗaya a kowane zuwa.

Yanzu muna zuwa duk bayan wata 6. Akwai ranar da ya ƙi hawa kujerar, likitar ta duba shi yana zaune a cinyata, muka tashi bayan minti biyar.