Jan littafin ɗana da katin da ke ƙasan katifa

Sati biyu ke nan da zuwana Argungu ganin gida, kuma wallahi abin da ya sa na zauna nake danna wannan rubutu a waya wani kati ne da na gani ƙasan katifar matar yayana. Amma sai na faro daga can Ingila kafin ku gane dalilin da katin ya tsaya min a rai.

Na sauka Mancesta da cikin wata biyar a tsakiyar sanyi, maigida ya riga ni tahiya saboda karatu. Ɗaki ɗaya da falo a saman wani shago, hita ma sai mun yi lissafin kuɗin gas kafin mu kunna, ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe gari kamar an yi isha'i, ga ba ka jin kiran salla sai dai waya ta tuna maka. Ban san kowa ba. Wurin da na fara sanin hanyarsa da ƙafata shi ne asibiti, wurin awo. Ranar farko sunka ɗebi jini, bayan kwanaki ungozomar ta kira ni ta ce jinina AS ne, wato ina ɗauke da gadon sikila amma ba ni da ciwon, suna son a kawo mijina shi ma a gwada. Ni da na haura shekara ashirin da biyar a duniya, na yi sakandare na yi kwaleji, ban taɓa sani ba. Shi ya fito AA alhamdulillahi. Matar ta ɗauki biro ta zana min gida huɗu a takarda, ta ce da a ce shi ma AS ne, to kowane ciki akwai ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila, kowane ciki fa, ba wai in an haifi ɗaya sauran uku sun tsira ba. Ina kallon takardar nan ɗan yayana ya faɗo min a rai, zan zo kansa.

Da na haihu, kafin mu cika kwana uku wata likita ta zo ta tuɓe yaron tsaf, ta haska idonsa da 'yar tocila, ta saurari zuciya, ta kama cinyoyinsa tana buɗewa tana juyawa wai tana duba ƙugu ko gaɓar ta zauna daidai, har 'ya'yan marainansa ta duba ko sun sauko. Wata kuma ta zo da 'yar na'ura ta sa mishi wani abu mai laushi a kunne shina barci, na'urar tana ɗan ƙas ƙas, ta ce kunnuwa biyun sun amsa. Sannan anka miƙo min wani littafi mai jan bango na roba, anka ce duk inda za ki da yaron nan, asibiti ko wurin allura ko wurin awo, da shi za ki. Jan littafi suke ce mishi, kowane yaro da nashi.

Jegon da na yi kuwa ba na fatan 'yar uwata ta yi irinsa. Ba Inna, ba mai dafa min ruwan wanka, ba ganyen darbejiya, ba mata cike da tsakar gida ana barka. Maigida ne ke dama min kunu Inna tana koya mishi ta bidiyo kol. Kuma ga tsoro, don a wani guruf na matan Najeriya da anka saka ni an ta faɗin cewa ki yi hattara da masu zuwa gida ɗin nan, ido suke sawa, in sunka ga abin da bai musu ba sai su ƙwace ɗa. Saboda haka ranar kwana biyar da ungozoma ta ƙwanƙwasa ƙofa, gabana faɗuwa yake, na share ɗakin nan ya fi sau uku, turaren wuta ma na ɓoye shi cikin akwati.

Ta shigo ta cire takalmi da kanta ban ce mata ba. Ta auna shi, ta kai shi bakin taga ta buɗe idonsa ta duba farin, ta ɗaga leɓe ta duba dasashi, ta ce shawara tana da wuyar gani a baƙar fata shi ya sa ba ta dogara da kallon jiki kawai. Sai ta ce yau ranar ɗibar jinin diddige ce. Ta ɗan huda diddigensa ta ɗiga jini ɗigo huɗu a kan wani kati mai da'irori, yaro ya tsala kuka, Inna tana kan waya tana ji, ta ce ke 'yar nan me ya yi musu za su huda shi, ɗan da ko suna ba a yi ba? Na ce Inna gwaji ne. Ta ce gwajin me, ciwo gare shi? Na ce lafiya lau yake. Ta yi shiru sannan ta ce to Allah ya kyauta. Cututtuka tara suke nema da ɗigon nan huɗu a lokacin, har da sikila da wata matsalar maƙoshi da in ba a gano da wuri ba tana taɓa girman yaro da ƙwaƙwalwarsa, in an gano kuwa magani ne kawai ake ba shi kullum ya tashi kamar kowa.

Bayan suna da 'yan kwanaki wata nas ta daban ta karɓe mu, ita ce suke kira helt bizita, tana bin yaro har ya kai shekara biyar. Baturiya ce dattijuwa. Ranar na sa wa yaron kwalli ya yi kyau abinsa, irin wanda Inna ta ƙulla min a leda tun daga gida. Ta kalle shi ta yi murmushi ta ce ya yi kyau, sannan a hankali ta ce min kwallin dutse yakan zo da dalma a ciki, kuma yaro yana murza ido ya kai hannu baki, dalma kuwa ko kaɗan ce tana taɓa ƙwaƙwalwa. Ba ta buƙaci ta yi min dogon bayani ba, mu maƙwabtan Zamfara ne, na tuna 2010 da gubar dalma ta wurin haƙar zinare ta kashe yara ɗaruruwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ban sake sa mishi ba. Ta ce kada a ba shi zuma sai ya shekara, kada a ba shi ruwa kafin wata shida tunda nono yake sha, a kwantar da shi rigingine kullum, a riƙa ɗiga mishi bitamin D saboda ranar ƙasarsu ba ta da ƙarfi balle ga mai baƙar fata. Duk tana yi tana rubutawa cikin jan littafin.

Sai ta rufe littafin ta juyo ta ce ke fa, ya kike? Kina barci? Kina da wanda kike magana da shi? Wallahi tun da na haihu ba wanda ya zauna gabana ya min wannan tambaya, kowa ya jariri ya jariri. Na buɗe baki in ce lafiya lau sai kuka ya ƙwace min, na yi shi sosai, ita kuma ta zauna ba ta kalli agogo ba. Ita ta rubuta min adireshin wani wuri da iyaye mata ke taruwa da jarirai ranar awo, a can na haɗu da wata 'yar Sakkwato da wata 'yar Yamai, ranar na yi Hausa har muryata ta dushe. Daga nan garin ya fara zama gari a wurina, na koyi shiga bas ni kaɗai, na san shagon da ake samun kuka da daddawa.

Ba na ce can aljanna ce ba. Ganin likitan unguwa, jifi, sai ka kama waya tun ƙarfe takwas na safe kana layi, wani lokacin a ce yau ya cika. Na sha tsayuwa cikin ruwan sama da keken jariri ina jiran bas, kuma duk kyan tsarinsu ba zai zame maka dangi ba. Amma abu ɗaya da ya ba ni wahalar sabawa, kuma yanzu na fi ƙaunarsa, shi ne kai yaro asibiti alhali lafiyarsa ƙalau. Wajen wata ɗaya anka yi mishi allurar tarin fuka saboda iyayensa daga ƙasar da cutar ke da yawa suke. Sati shida zuwa takwas likita ta sake duba ido da zuciya da ƙugu. Allura a sati takwas, sha biyu, sha shida, sannan shekara ɗaya. Duk zuwa awo sai a ɗiga ɗigo a kan zanen da ke bayan littafin, nas ta nuna min cewa ba ƙiba ake nema ba, so ake yaro ya riƙa bin layinsa, in ɗigon ya fara gangarowa yana tsallake layuka to akwai magana ko da kuwa yana wasa yana dariya. Inna takan ce ke kullum asibiti asibiti da ɗa mai lafiya, kina jawo mishi baki. Ban taɓa mata musu ba, na san tsoro ne na ƙauna, ta binne 'ya'ya biyu kafin a haife ni.

Sakamakon jinin diddige ya zo kafin ya cika sati shida, AS kamar ni. Ba ciwo ba ne, amma an rubuta, ranar da zai nemi aure ya san abin da zai tambaya.

Ɗan yayana kuwa, yana da wata takwas hannuwansa da ƙafafunsa sunka kumbura, shina ta kuka dare da rana. Anka ce sanyi ne, anka ce haƙori ne, wasu sunka ce baki ne, anka yi ta jiƙe-jiƙe da shafe-shafe, kemis ya ba da na zazzaɓi. Sai da ya kai shekara uku, bayan ƙarin jini na biyu a Birnin Kebbi, sannan anka ce SS ne, wato sikila. A Ingila yaron da gwajin diddige ya nuna sikila, kafin ya wuce wata uku an ɗora shi kan fenisilin safe da yamma, saboda ƙwayoyin cuta ne ke saurin kashe su suna ƙanana, kuma a koya wa uwar yadda za ta taɓa cikinsa ta ji ko saifa ta kumbura. Fenisilin fa, ba wani maganin miliyoyi ba. Kuma Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya haihuwar masu sikila. In na tuna shekara ukun nan da yaron nan ya sha ba wanda ya san sunan abin da ke cinsa, raina ɓaci yake har yau. Yana nan da ransa alhamdulillahi, aji huɗu yake, shi ya fara rugowa ya karɓi jakata da munka iso.

Kafin mu taho anka yi wa nawa duban shekara biyu, sun aiko takardar tambayoyi, yana haɗa kalma biyu, yana harbin ƙwallo, yana ɗora abu kan abu. Na tsorata don Hausa ya fi yi, na ce ko in daina yi mishi. Nas ɗin ta ce kada ki kuskura, kalmar Hausa ma kalma ce, ta sa na lissafo mata, ruwa, zo, Baba, tuwo, a'a, tana ƙirgawa.

To shekaranjiya muna gyaran ɗakin matar yayana, tana da jaririya wata biyar, na ɗaga katifa sai ga katin rigakafi. An cike wurin allurar haihuwa da ta sati shida, goma da sha huɗu, ta yi ƙoƙari ƙwarai. Na juya ɗaya gefen sai ga zane irin na jan littafi sak, layukan nauyi da watanni, amma fari fat ba ɗigo ko ɗaya. Ashe muna da shi. Na ce Anti ba a auna ta ne? Ta ce ai ranar allura mutane sun yi yawa, ana yi maka kake tahiya, ita ba ta ma san amfanin gefen ba. Ga shi ita da Yaya duk AS ne, kuma jaririyar ba a san nata ba.

Jiya da safe munka tahi asibitin unguwa tare, Inna ta ce ita ma za ta, ta ɗauko mayafi. Nas biyu ne kan mata sun fi hamsin, ga zafi, ban ga laifinsu ba. Munka jira har layi ya ragu sannan na roƙi ɗaya ta auna mana ita. Ta ɗora ta a sikeli, ta karɓi katin ta ɗiga ɗigo na farko, ta ce tana kan hanya mai kyau, a riƙa kawo ta kowane wata. Ta ce kun ma zo daidai, wata biyar ake fara allurar zazzaɓin cizon sauro, wadda anka fara bayarwa a ƙarshen 2024 a Kebbi da Bayelsa kafin sauran jihohi, sau huɗu ake yi. Wannan ko ɗana na Ingila bai samu ba, kuma shi yanzu maganin kariya yake sha da gidan sauro. Gwajin jini kuma ta ce mu bari ta wuce wata shida mu kai ta babban asibiti, Yaya ya ce shi zai kai ta da kansa, na sa mishi ranar a waya.

A Keke Napep muna dawowa Inna ta karɓi katin tana juya shi, ba ta karatun boko, ta ɗora yatsa kan ɗigon ta ce wanga shi ne ita? Na ce shi ne Inna. Ta ce to ni zan riƙa tuna muku, duk sabon wata. Ta naɗe katin cikin leda ta sa a aljihun zanenta.