Kwamfutar Malam akanta

Yau na miƙa makullin ɗakin kwamfuta bayan shekara shida a makarantar nan. An ce in bar wa wanda zai gaje ni 'yan shawarwari, amma duk inda na juya, kwamfutar Malam akanta ce ke faɗo mini a rai.

Waɗanda suke nan a Janairun 2020 sun san labarin. Microsoft ta daina tura wa Windows 7 gyaran tsaro daga ranar 14 ga watan. Yallaɓai shugaban makaranta ya jiyo zancen a wani taro, ya dawo ya ce kafin Litinin kowace kwamfuta ta koma Windows 10. Sauran ban damu da su ba. Ta ofishin kuɗi ce ta tsaya mini a wuya: tsohuwa ce mai Core 2 Duo da ram giga 2, kuma lissafin kuɗin makaranta na shekara uku yana cikinta, babu kwafinsa ko'ina.

Na rubuta wa Yallaɓai takarda ina neman kuɗin faifan ajiya na waje, don in kwashe komai kafin in taɓa ta. Takardar ta dawo da kalma biyu da jan biro: "A dakata." Na bi shi har bakin mota na ce, "Ranka ya daɗe, akwai haɗari fa." Ya ce aikin da aka ɗauke ni ke nan, in je in yi.

A nan nawa laifin ya fara, kuma ba na ɓoye shi. Akwai filashi a aljihuna. Fayilolin Excel ɗin nan ba su da nauyi, minti goma ya isa in kwashe su. Zuciya ta ɗebe ni, ga gaggawa, na ce ai sabuntawa ba ta share fayil.

Karon farko ta yi nisa, ta tsaya, ta koma Windows 7 da kanta, ta nuna mini lambar kuskure 0xC1900101. Na san lambar nan yawanci matsalar direba ce, wato manhajar da ke haɗa Windows da na'ura irin su firinta, sai na cire firinta, na goge tsohuwar manhajar rigakafin bairos, na sake gwadawa. Ta sake komowa. Abin da ya kamata in yi a lokacin shi ne in buɗe setuperr.log, fayil ɗin da ke rubuta kurakuran sabuntawa, a foldar Panther in karanta, in leƙa Event Viewer, kundin rahoton Windows, inda faifan ajiyar cikin kwamfuta da ya fara lalacewa kan bar gargaɗi mai lamba 7, in kuma duba lafiyarsa da manhajar CrystalDiskInfo. Ban yi ko ɗaya ba. Har wata 'yar ƙara nake ji, ƙyas-ƙyas, daga cikin akwatin, na ce fanka ce.

Ba fanka ba ce. Sabuntawa aiki ne mai nauyi a kan faifai: tana kwashe tsohuwar manhaja zuwa Windows.old, tana rubuta dubban sababbin fayiloli. Faifan da ke tafiya da ƙyar na ɗora wa wannan kaya sau uku a yini ɗaya. A na ukun allo ya yi baƙi, kwamfuta ta ce ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba.

Malam akanta yana tsaye a bayana, carbi a hannu. Bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Ɗana, gaya mini gaskiya, sun tafi?" Har yau muryar nan ta fi yi mini zafi a kan duk faɗan da ya biyo baya.

Kwana biyu na yi a ɗakin. Na tashi kwamfutar da Ubuntu, wata manhaja madadin Windows, daga filashi, na aro faifai a wurin wani aboki, na sa ddrescue, shirin ceto bayanai daga faifan da ya lalace, ya bi a hankali, yana kwashe wuraren da ke da lafiya tukuna kafin ya koma kan masu rauni. Na ceto kusan komai. Lissafin zango ɗaya ne ya ƙi buɗewa, shi kuma ni da Malam muka sake shigar da shi daga kundin rasit, kullum bayan La'asar, har sati uku.

A taron malamai Yallaɓai ya kira abin sakaci, ya yanke mini rabin albashin watan. Sakacin na amsa shi. Amma takardar da ya sa wa jan biro, ko sau ɗaya bai ambace ta ba, kuma babu wanda ya tambayi yadda aka yi fayilolin suka dawo.

Sauran shawarwarin gajeru ne. Ka gwada batirin UPS, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta, kafin ka fara sabuntawa, domin wuta ba ta sallama in za ta tafi. Kar ka sauya tsarin SATA, wato yadda faifai ke haɗuwa da kwamfuta, a BIOS, saitin tashin kwamfuta, kana tsaka da aiki. Kwana goma kacal Windows 10 ke ba ka na komawa tsohuwar Windows bayan sabuntawa. Tallafinta ma ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma tsofaffin kwamfutocin ɗakin nan ba su da TPM 2.0, na'urar tsaron da Windows 11 ke nema, don haka kar wani ya tilasta maka ɗora musu ita.

Faifan ajiyar da aka saya daga baya yana durowa ta biyu. A ƙarƙashinsa na bar maka kwafin waccan takardar, da jan bironta.