Idon Ummi

Zafin yau sai Allah. Wuta kuma tun asuba babu labari.

Mun kai Ummi ɓangaren ido na UDUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ni da Yaya. Tun hutun nan take cewa idon hagu hazo kawai yake gani. Likitan ya haska mata tocila, ƙwayar idon ta tsuke yadda ya kamata. Ya ɗiga magani, ya leƙa jijiyar bayan ido, lafiya lau. Sai ya ɗora mata tabarau na gwaji, a hankali ya dushe na dama da gilashi mai kauri ba tare da ta lura ba, ya ce ta karanta allon. Ta karanto har layin ƙasa. Da idon hagun nan.

Da aka fitar da ita waje Yaya ya ce, "Likita, ke nan ƙarya ɗiyar nan taka yi muna?"

Likitan ya ce, "A'a Alhaji, don Allah kar ta ji wannan kalma." Ya ce ido yana aika saƙo, ƙwaƙwalwa ce ba ta karɓa daidai, kuma ba da gangan ba. An fi gani ga yara mata masu shekarunta, sau da yawa in akwai damuwa ko tsoro, kuma yawanci gani yana dawowa in an kwantar musu da hankali. Bai rubuta magani ba. Ya ce mu dawo a sake dubawa, don wani lokaci ciwo na gaske kan ɓoye a ƙarƙashi. Sannan ya tambaya, me ke faruwa a makaranta?

Ba wanda ya amsa a cikinmu. Abin da ke cina tun ɗazu ke nan. Mun san kuɗin makarantar kwanan har kobo, amma ba mu san wa take kwana kusa da ita ba.

Hajiya ta ce kambun baka ne, ta aika a karɓo rubutu. Ummi ta sha, ban hana ba. Tozalin da aka haɗo da shi ne na ɓoye, ba abin da za a zuba a idon nan.

Yaya bai ce uffan ba har unguwar Mabera.

Bayan isha'i ina yi wa Ummi tsifa ta ce, "Gwaggo, in idona ya warke sai na koma ko?" Na ce wa ya ce? Ta yi shiru. Gobe zan samu Yaya kafin ya fita kasuwa, ban san ta inda zan faro ba.