Ba a wanke hodar ibilis da ƙarin ruwa

Kusan duk iyalin da suka kawo mana yaro sashen masu fama da shaye-shaye, buƙatarsu ɗaya ce: a kwantar da shi, a ƙara masa ruwa, a wanke masa jini, bayan mako biyu su zo su ɗauki abinsu. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma amsar da nake ba su ba ta cika yi musu daɗi ba. Jiki da kansa yake fitar da hodar ibilis. Bayan kwana biyu zuwa huɗu, sau da yawa ko gwajin fitsari ba ya nuna ta, sai dai ga wanda ya daɗe yana sha da yawa. Abin da ta bari a ƙwaƙwalwa shi ne ciwon, kuma babu ledar ruwan da take isa can.

A nan Arewa ba ita ce kan gaba ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 a Najeriya sun taɓa kayan maye a shekarar da ta gabace shi. Wiwi ce ta fi yawa, sai su tiramol da maganin tari mai kodin. Masu hodar ibilis wajen 92,000 ne. Tsadarta ta sa mutane suke cewa abin 'ya'yan manya ne. Amma yankinmu ya zama hanyarta. Ana noma ganyenta a Kolombiya da Peru da Bolibiya, a biyo da ita ta Afirka ta Yamma zuwa Turai. A Satumban 2022 hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta kama tan 1.8 a wani gida a Ikorodu da ke jihar Legas. A ƙasashen Sahel, har da Nijar, abin da ake kamawa ya tashi daga kimanin kilo 13 a shekara tsakanin 2015 da 2020 zuwa kilo 1,466 a 2022. Duk inda kaya yake ratsawa, wani abu yana saura a gari, domin sau da yawa da shi ake sallamar masu dako.

Iyaye mata sukan miƙo mini wayar ɗansu su ce, "Malama, duba mini, me wannan kalmar take nufi?" Wasu yaran koken suke cewa, wasu cali, wasu fara, wasu kuma "kaya" kawai. Waɗanda suka zauna Legas sukan ce gbana. Ba na ba iyaye shawarar su haddace waɗannan sunaye, domin da zarar manya sun gane suna, yara sun sauya wani. Amfanin sunan a wajena ɗaya ne: ina barin mara lafiya ya kira abin da bakinsa, saboda ya fi sakin jiki. Daga nan sai in tambaye shi kamanninsa, da yadda yake sha, da yadda yake ji bayan ya sha. Na ji an kira hodar ibilis gbana, na kuma ji an kira hiroyin da wannan sunan, alhali aikinsu a jiki kishiyar juna ne. Hiroyin tana danne numfashi, kuma akwai allurar naloxone da take farfaɗo da wanda ta yi wa yawa. Hodar ibilis zuciya take zaburarwa, wannan allurar kuwa ba ta yi mata komai. Idan na tsaya a suna kaɗai, ina iya kai likita ga maganin da ba shi ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda hodar ibilis take kama zuciyar matashi mai jini a jika. Tana tsuke jijiyoyin jini, ta ɗaga hawan jini, ta sa zuciya gudu a daidai lokacin da jinin da ke ciyar da ita ya ragu. Wani bincike da aka yi a Amurka a 1999 ya nuna haɗarin bugun zuciya yana ninkuwa kusan sau 24 a cikin sa'a ta farko bayan an sha. Akwai wani saurayi da aka shigo da shi da dare yana dafe da ƙirji, gumi ya jiƙa masa kaftani, baƙin idonsa ya buɗe sosai, ya kasa zama wuri ɗaya. Yayansa yana ta cewa ulsa ce, bai ci abincin rana ba. Na ce masa, "Yallaɓai, taimaka ka karɓo mana kati." Yana fita na matsa kusa da gadon na ce, "Ƙanena, ba 'yan sanda a nan. Me ka sha, kuma yaushe?" Ya dubi ƙofa kafin ya faɗa. Wannan amsar ta sauya abin da likita ya rubuta, domin akwai magungunan zuciya da ake kauce wa idan hodar tana jiki.

Ba zuciya kaɗai ba. Tana kawo shanyewar ɓarin jiki da jijjiga da zafin jiki mai kisa. Masu shaƙa, tana cinye musu guringuntsin da ya raba kafofin hanci har ya huje. Wanda ya haɗa ta da barasa, hantarsa tana ƙera wani sinadari da ya fi daɗewa a jiki kuma ya fi cutar da zuciya. Daɗin nata kuwa gajere ne, minti 15 zuwa 30 ga mai shaƙa, minti 5 zuwa 10 ga mai zuƙar hayaƙinta. Shi ya sa mutum yake maimaitawa har kuɗin hannunsa su ƙare, ya koma kan na gida.

Idan an kwana ana sha, sai zargi ya shigo. Mutum ya riƙa leƙen taga yana cewa ana bin sa, ko ya yi ta susa yana cewa ƙwari suna yawo a ƙarƙashin fatarsa. A nan ne gida suke cewa iska ce ko sammu. Ban taɓa hana kowa addu'a ba, ni ma ina yi wa marasa lafiyana. Abin da ba na yarda da shi shi ne mari da bulala. Duk wanda ya ga hotunan mutane sama da 300 da 'yan sanda suka fito da su daga wani gida a Rigasa da ke Kaduna a Satumban 2019, wasu da sarƙa a ƙafa, ya san abin da nake nufi. Iyayen da suka kai 'ya'yansu irin waɗannan wurare ba mugaye ba ne, sun rasa inda za su nufa ne. Amma sarƙa tana raba mutum da hodar ne iya zamansa a ɗaure, ya fito da ƙwaɗayinta yadda ya shiga, ga kuma ƙullin da ya yi wa mahaifansa.

Kwanakin farko bayan an daina suna ruɗin iyali. Yaro yana ta barci, yana cin abinci kamar ba gobe, ya yi shiru, sai a ce alhamdulillahi ya samu sauƙi. Mu kuwa lokacin ne muke ƙara sa ido, domin baƙin ciki mai nauyi yake saukar masa, wasu har tunanin kashe kansu suke yi. Ina tambayarsu kai tsaye ko irin wannan tunanin yana zuwar musu. Tambayar ba ta cusa wa mutum abin da ba ya ransa, da yawa ma ajiyar zuciya suke yi don an samu mai tambaya.

Har yau babu wani magani da aka amince yana yanke ƙwaɗayin hodar ibilis, kamar yadda maganin methadone yake taimakon masu hiroyin. Abin da yake aiki shi ne zama da mai ba da shawara mako bayan mako, a zaƙulo abubuwan da suke tayar da ƙwaɗayin ɗaya bayan ɗaya: ranar albashi, wata majalisa, wata lambar waya, faɗa da mata, zaman kaɗaici bayan isha'i. Sai a tsara abin da mutum zai yi idan sun zo. Akwai kuma tsarin ba da ƙaramar kyauta duk lokacin da gwajin fitsari ya fito ba komai, wanda bincike ya nuna yana daga cikin mafi inganci. Ina roƙon iyali kada su damƙa masa kuɗi masu yawa a watannin farko, kuma su sama masa abin yi. Tsakanin kashi 40 zuwa 60 na masu jinyar shaye-shaye sukan sake komawa, kusan yadda ciwon hawan jini yake dawowa, shi ma ba a korar mai shi daga gida, asibiti ake mayar da shi.

Mata ne suka fi ba ni tausayi. Wancan binciken na 2018 ya ce ɗaya cikin kowane mutum huɗu masu shaye-shaye mace ce, amma gadajenmu maza ne suka cika su. Wata uwa ta taɓa riƙe mini hannu ta ce, "Malama, idan aka ji, wa zai aure ta?" Na ce, "Hajiya, abin da aka faɗa a ɗakin nan, a nan yake tsayawa. Ba lallai ne ma a kwantar da ita ba, tana iya zuwa daga gida ranar da aka ba ta."

Wannan shi ne abin da mutane da yawa ba su sani ba. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Kware da Maiduguri, da asibitin Dawanau a Kano, da sassan lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa, duk suna duba masu wannan matsala, kuma NDLEA tana da layin waya na kyauta don neman shawara. Amma wanda ya sha ya fara ciwon ƙirji, ko jijjiga, ko bakinsa ya karkace, ko jikinsa ya yi zafi rau yana sambatu, ba a jira da shi ranar ganin likita. Sashen gaggawa mafi kusa ake kai shi nan take, kuma wanda ya rako shi ya faɗa wa ma'aikata abin da ya sha tun daga bakin ƙofa.