Shin Hali Zanen Dutse Ne? Abin da Raunin Ƙwaƙwalwa Ke Yi wa Mutum

Hausawa na cewa hali zanen dutse ne, kuma a mafi yawan lokuta maganar gaskiya ce, domin wanda aka sani da haƙuri tun yana yaro da wuya a wayi gari a same shi ya zama mafaɗaci. Sai dai akwai yanayin da halin mutum kan sauya cikin yini guda, ba da niyyarsa ba, kuma sau da yawa ba da saninsa ba. Wannan yanayi shi ne raunin ƙwaƙwalwa, kuma na daɗe ina ganin cewa rashin fahimtarsa yana sa mu zalunci mutanen da suka fi kowa bukatar tausayinmu.

Ƙwaƙwalwar baligi ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, amma tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, kuma yawancin aikin da take yi ba ta sanar da mai ita. Mai karatu zai iya gwada wannan da kansa. Ka sami farar takarda, ka zana gicciye a hagu da ɗigo baƙi a dama, tsakaninsu kamar santimita 10. Ka rufe idon hagu, ka tsura wa gicciyen idon dama, sannan ka riƙa matso da takardar a hankali zuwa fuskarka. Za a kai wani wuri da ɗigon zai ɓace ɗungurungum, domin hotonsa ya faɗa daidai inda jijiyar gani ke fita daga ƙwayar ido, inda babu ƙwayoyin da ke karɓar haske. Wani malamin coci Bafaranshe, Edme Mariotte, shi ya bayyana wannan gurbi tun a ƙarni na 17. Abin lura a nan shi ne ba rami baƙi za ka gani a wurin ba, farar takarda za ka gani, saboda ƙwaƙwalwa ta cike giɓin da abin da ke kewaye da shi, ta miƙa maka a matsayin abin da ido ya gani. Gaɓar da ke iya ɓoye wa mutum giɓin da ke cikin ganinsa tana iya ɓoye masa giɓin da rauni ya bari a cikin halinsa, kuma likitoci sun san marasa lafiya da yawa da ke musanta cewa wani abu ya same su, ba don suna ƙarya ba.

Labarin da ya fi shahara a wannan fanni shi ne na Phineas Gage, heluman leburorin da ke fasa duwatsu domin shimfiɗa layin dogo a kusa da garin Cavendish, jihar Vermont ta Amurka. Ranar 13 ga Satumba, 1848, yana ɗan shekara 25, yana cikin danna albarushi a ramin dutse da sandar ƙarfe sai tartsatsi ya tashi. Sandar, mai tsawon fiye da mita ɗaya da nauyin kusan kilo 6, ta shiga ta kuncinsa na hagu, ta bi ta bayan ido, ta fasa saman ƙoƙon kansa ta fita. Cikin ikon Allah bai mutu ba. Bayan 'yan mintoci ya yi magana, aka ɗora shi a amalanken shanu yana zaune aka kai shi masaukinsa, inda Dakta John Harlow ya yi jinyarsa har ya tashi, ko da yake ya rasa ganin idon hagu.

Ya ci gaba da tafiya, yana magana, yana gane mutane, amma a rahoton da Harlow ya fitar a 1868 ya ce mutumin da aka sani da natsuwa da iya tsara aiki ya koma mai taurin kai, mai yawan ashar, wanda ba ya jure a hana shi abin da yake so, yana ƙulla shiri yana watsarwa nan take. Iyayen gidansa suka ƙi mayar da shi kan aikinsa, abokansa kuma suka ce wannan ba Gage ɗin da suka sani ba ne. Sashen da sandar ta lalata shi ne na gaba, bayan goshi, wanda a yau aka san yana da babban hannu wajen kame kai, auna sakamako kafin aikata abu, da kiyaye abin da ya dace a faɗa a gaban mutane.

Wannan sashe shi ne kan bugu idan ɗan acaba ko fasinjansa ya faɗi da goshi a kan kwalta babu hular kwano. Raunin waje ya warke, a sallami mutum daga asibiti, dangi su yi barka, sannan bayan wasu makonni a ga magidanci mai kunya yana sakin maganar da bai taɓa yi ba a gaban surukansa, ko yana ɓarnatar da jarinsa, ko yana fushi a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Sai a ce ya lalace, ko an yi masa asiri, wani lokaci har aure ya mutu, alhali babu wanda ya haɗa wannan sauyi da faɗuwar da aka riga aka manta da ita. Ya kamata iyali su koma wurin likita su faɗi sauyin halin dalla-dalla kamar yadda za su faɗi ciwon kai ko jiri, domin marar lafiyar da kansa ba lallai ya iya faɗa ba.

Akwai ɓangaren rayuwar Gage da ba a cika ambata ba. A 1852 ya tafi ƙasar Chile, inda ya yi shekaru yana tuƙa keken dawaki na fasinja tsakanin Valparaiso da Santiago, aikin da ke bukatar sammako, kula da dawaki, karɓar kuɗi da mu'amala da matafiya cikin ladabi. Masanin da ya fi kowa bin diddigin tarihinsa, Malcolm Macmillan, yana ganin cewa wannan tsari na kullum ya taimaka masa ya dawo da mafi yawan natsuwarsa kafin farfaɗiya ta yi ajalinsa a San Francisco a 1860. Masu jinyar irin wannan rauni a yau ma da tsari suke aiki: lokacin barci da tashi tsayayye, ayyuka ƙanana da aka rubuta a jere, da mutum ɗaya a gida mai haƙurin tunatar da marar lafiyar ba tare da tsawa ba.